Gudun Kufena na hutun 1 ga Oktoba: yadda aka tsara da yadda ta kaya

Abun ya samo asali ne daga wani ɗan guruf na WhatsApp na masu fita motsa jiki bayan asuba, yawancinmu 'yan Tudun Wada da Tudun Jukun da Gyallesu ne sai tsiraru daga Sabon Gari da Samaru, kuma in za a faɗi gaskiya abun da muke kira gudu bai wuce sassarfa a gefen kwalta ba, a je a dawo kowa ya kama gabansa. Zariya a kan tudu take, ta haura mita 600 daga teku, amma cikin garin kusan a baje yake, in ba da gangan ka nemi dutse ba ƙafarka ba za ta san hawa ba. To sai wani malamin sakandare a cikinmu mai koyar da tarihi ya kawo shawara, yace tunda 1 ga Oktoba hutu ne kowa na gida me zai hana a haɗa biyu, da safe a yi gudu zuwa Dutsen Kufena a hau, in an sauko a zaga wuraren tarihi har cikin birni. Mutane suna ta tambaya ta ina aka bi, me aka tanada, wasu unguwannin ma suna son yin irinsa, shi ya sa na zauna na rubuta shi dalla-dalla.

Matsalar farko ba dutsen ba ne, su waye za su je shi ne matsalar. Da sanarwa ta fita sai ga sunaye kala-kala, ɗaliban ABU masu jini a jika, 'yan ƙwallon unguwa, ma'aikatan ofis masu tumbi waɗanda rabonsu da gudu tun suna makaranta, wani tela daga cikin birni, mata suma suka ce ba za a bar su a baya ba, har da wata Hajiya da ke fita tattaki kullum saboda likita ya ce ta rage ƙiba. Samarin suna so a yi tsere a sa kyauta, na ɗaya na biyu na uku. Wanda ya kashe maganar wani tsohon soja ne da ya yi ritaya, Baba kawai muke ce masa, yace "Yarana in tsere kuke so ku tafi fili, wannan kam tare za a tafi tare za a dawo." Ya ce ko kuratan da ake horarwa a Depot, barikin horar da sabbin sojoji, wanda yake nan Zariya tun 1924, a jere suke gudu suna waƙa, ba a barin mutum a hanya. Sai ya kawo doka ɗaya wadda a ganina ita ta riƙe ranar gaba ɗaya: duk wanda ke gaba in ya kai alamar da aka sa, ba zai tsaya yana jira ba, zai juyo da gudu har sai ya tarar da mutum na ƙarshe, sannan ya sake yin gaba. Mai ƙarfi ya samu nisan da yake so, mai rauni kuma bai ga kansa shi kaɗai a daji ba. Samarin sun ɗan yi gunaguni amma dai suka yarda. Ni aka ba aikin bin baya, wato in zama na ƙarshe komai jinkirin wanda ke gabana, dan haka yawancin abun da zan faɗa daga baya na gan shi.

Abu na biyu da aka yi kafin ranar, kuma shi ne mutane ke rainawa, shi ne sallama da masu wuri. Kufena ba a tsakiyar gari yake ba, yana can yamma bayan Wusasa, kuma hanyoyin da ke kaiwa gindinsa ta cikin gonakin mutane suke bi. Farkon Oktoba kuwa amfani na tsaye, masara ta nuna, dawa ta fitar da kai, ga waken suya ga gyaɗa, ka kwaso taron mutane da jesi kala-kala suna gudu a gonar mutum ba tare da ya sani ba ai neman rigima ne. Malam da Baba suka je suka gaida mai unguwa, aka sanar da 'yan sintirin yankin, aka yi alkawari ba mai sauka daga turba, ba mai karya ko da kara ɗaya. Sannan aka nemi samarin Wusasa su yi mana jagora, su da suka taso suna hawan dutsen nan tun suna yara sun san inda ake bi da inda ba a bi. An kuma yanke cewa ba za a bar bakin titi ba sai gari ya waye tangaran, kowa ya san halin da ake ciki a bayan gari yanzu, ba sai an yi dogon bayani ba.

Kuɗi kuwa karo-karo akai, ba a ɗora wa kowa adadi ba, abun da aka tara ya tafi ne a ledojin fiya wata, kankana da lemo, bandeji da man zafi, da hayar keke napep guda da zai biyo mu har inda hanya ta ƙare ya jira. Akwai wata nas a cikin matan ta zo da abun awon jini, a wajen haɗuwa kusa da unguwar Ɗan Magaji ta auna duk wanda ya manyanta, ta ce wa wasu su tsaya a gindin dutse kar su hau, ɗaya daga ciki ya so ya yi gardama tace "Yaya, ni ba ruwana, in kana son Anti ta zo ta same ni to bismillah." Aka yi dariya ya haƙura.

Rana na fitowa wajen shida da kwata a wannan lokacin, bayan nan kaɗan muka tashi. Kashin farko daɗi ne zalla, an yi ruwa daren jiya ƙasa ta yi laushi babu ƙura, raɓa a kan ciyawa, iska mai sanyi, ka bar ƙarar tirelolin hanyar Kaduna zuwa Kano a bayanka ka shiga burtali. Dokar Baba ta fara aiki tun nan, kana cikin tafiya da masu haki sai ka ga samari sun dawo a guje suna tafi suna "sannunku, saura kaɗan", alhali ƙarya suke saura da yawa. Matan suna da tasu jagorar, da hijabansu da takalman kambas, wasu sassarfa wasu tafiya mai sauri, kuma abun mamaki Hajiyar nan da ake ganin ita za ta fara gajiya ta wuce masu tumbin nan ɗaya bayan ɗaya, dama wanda ya saba tafiya kullum ya fi wanda ya tashi rana ɗaya da ƙarfin tuwo.

Da aka fara hawa ne kowa ya san matsayinsa. Kufena dutse ne irin mai sulɓin nan da ya taso shi kaɗai a tsakiyar fili, wani wajen fale ne shimfiɗe a karkace wani wajen manyan duwatsu ne a jibge sai ka sa hannu. Kuskuren da kusan duk sabon shiga yake yi shi ne ya shigo hawa da irin takun da yake yi a kwalta, dogon taku da sauri, minti biyu ba a yi ba ƙirji ya ɗau zafi, sha-raɓa ta ɗaure. 'Yan ƙwallon nan su suka fara faɗawa tarkon, sun saba da gudun ɗan lokaci a tsaya, sai ga su dafe da gwiwa. Wani yaron Wusasa siriri da silifas ɗin roba ya wuce su yana taku ƙanana-ƙanana ko haki ba ya yi. Baba yana daga tsakiya yana ta faɗa, a rage taku, a ɗan ranƙwafa gaba kaɗan ba a duƙa ba, a yi amfani da hannu, kuma ma'aunin da ya bayar mai sauƙi ne, in ba ka iya yi wa na kusa da kai magana jimla guda ba tare da numfashi ya yanke ba to ka wuce ƙarfinka, koma tafiya. Inda ya yi tsayi sosai ma babu mai gudu, har gwanayen, tafiya ce da dafa cinya, kuma ba abun kunya ba ne dan a irin wannan gangaren mai tafiya da ƙarfi da mai gudu kusan tare suke isa. Telan nan na birni ya tsaya ya kalli sama ya kalle ni yace "Malam, wannan motsa jiki ne ko hukunci ne? Ni fa gwiwana ne ba lafiya." Muka zauna ya sha ruwa, muka ci gaba a hankali, kafin mu kai samarin sun sauko mana sau ba adadi, daga ƙarshe biyu suka sa shi a tsakiya.

A sama ne shawarar Malam ta nuna amfaninta. Ƙarshen damina sararin sama a wanke yake babu hazo, ka ga Wusasa a ƙarƙashinka, ka hango birni da rimayensa, can arewa Samaru, ko'ina kore shar. Wani Bakano da ke karatu a harabar ABU ta Kongo ya ce ai wannan bai kai Dala ba, aka taso masa caa, wani yace Dala da aka yi wa matakala da siminti har shi ne dutse, ku da kuke hawa da babbar riga. Wasan Kanawa da Zage-zagi dai ba ya ƙarewa. Da aka natsa kowa na zaune yana maida numfashi babu mai ƙarfin tashi, Malam ya samu irin ajin da bai taɓa samu a makaranta ba. Ya yi bayanin yadda mutane suka zauna a gindin duwatsun nan tun kafin a yi birnin da muka sani, Kufena da Madarkaci da Tukur-Tukur, saboda dutse mafaka ne kuma akwai ruwa da ƙasar noma a kewayensa, ya ce a tarihin da aka gada sarautar Zazzau ta zauna a Turunku, can kudu ta wajen Igabi, kafin ta matso nan Kufena sannan ta koma inda birni yake yanzu, kuma sunan garin daga Zariya ne 'yar Bakwa Turunku ƙanwar Sarauniya Amina. Ya nuna mana ta inda ragowar tsohuwar ganuwa ta bi a ƙasa, wadda in kana tafe a gona za ka ɗauka tudun ƙasa ne kawai, ya ce masu binciken kayan tarihi na ABU sun yi aiki a kan ganuwar nan da wuraren narka tama na yankin tun shekarun 1970. Da yawanmu haifaffun Zariya ne, kullum muna hango dutsen daga mota, amma ranar muka fara jin wannan. Abun takaici ɗaya, ko allo guda babu da zai gaya wa baƙo inda yake tsaye, sai ledoji da robobin lemo da sunayen da masoya suka rubuta da fenti a jikin dutse. Mun kwashe abun da za mu iya a buhun da muka zo da ruwa.

Saukowa ce ta ba mu matsala, kuma a nan ne tsarin ya nuna giɓinsa. Duk tanadin da akai na hawa ne, dokar juyowa ma ta hawa ce, ba wanda ya ce ga yadda za a sauka. Mutane sun huta sun ji ƙarfi, rana ta fara zafi, kowa na tunanin koko, sai layi ya watse, samari suka saki jiki a guje. Alhali sauka ta fi hawa haɗari nesa ba kusa ba, a hawa numfashi ne ke wahala kuma shi da kansa zai tsayar da kai, a sauka kuwa babu mai tsayar da kai, cinya ce ke aikin birki a kowane taku gwiwa na ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinka, ga ƙafa ta riga ta gaji ba ta saurin gyara kanta in ta taka ba daidai ba. Ƙari a kan haka inda ruwa ke tsattsafowa a kan falen ya yi gansakuka baƙi-baƙi, santsi kamar an zubar da miyar kuɓewa, jagororin sun san a kauce masa amma waɗanda suka riga su yin gaba ba su sani ba. Nan wani ɗalibi ya zame ya gurɗe idon sawu, Allah ya taƙaita bai bugu a kai ba. Nas ɗin tana baya tare da mu sai da aka kira ta a waya, ta zo ta duba ta ga yana iya ɗan takawa, ta naɗe da bandeji ta hana a murza, domin tuni wani ya fara cewa a ja ƙafar a shafa man zafi, tace sabon targaɗe sanyi yake so da hutu ba murza ba, in kumburin ya ƙi ko ya kasa taka ƙasa a je a ɗau hoto. Goya shi akai bi da bi har wajen keke napep. Wannan keken da wasu suka ce ɓarnar kuɗi ne shi ya fi komai amfani ranar. Daga nan Baba ya tsaya a gaba da kansa ya ce ba mai wuce jagora, aka sauko a jere a karkace, taku gajere, in an zo fale mai tsayi a zauna a ja jiki ba girman kai.

Karin kumallo a Wusasa akai, koko da ƙosai da waina, wasu suka ƙara da gasasshiyar masara sabuwar karya, kuma nan ne kashi na biyu na yawon ya yi armashi dan a ƙafa ake zagawa, komai kusa da kusa. Jagororinmu su suka karɓi bayani daga hannun Malam tunda gidansu ne. Suka kai mu cocin St. Bartholomew, ginin ƙasa irin na Hausa da aka yi a 1929 lokacin da mishan ɗin Dakta Walter Miller ya tashi daga cikin birni ya dawo Wusasa, da kaurin bango da baka irin wanda za ka gani a zauren sarakai, wasu daga cikinmu ba su taɓa tsammanin akwai coci mai irin wannan gini ba. Suka nuna asibitin St. Luke daga waje, suka ce nan garin Janar Yakubu Gowon ya taso. An nemi izini kafin a shiga harabar, wanda ya ga zai shiga ya shiga wanda ya ga zai tsaya a waje ya tsaya, ba wanda ya takura wa wani. Telan nan da ke ta ƙorafin gwiwa shi ya fi kowa daɗewa yana kallon ginin, yana ta hira da wani dattijo a wajen da Hausar da ba ta da bambanci da tasa.

Bayan nan ne jama'a suka fara zarewa. Rana ta take, jiki ya yi sanyi ciwo ya fara fitowa, matan da yawa suna da girkin rana a gabansu, wasu ga gumi ya bushe a jiki suna son wanka kafin azahar. Waɗanda suka shiga motoci zuwa birni ba su kai rabin waɗanda suka hau dutse ba. Mun shiga ta Ƙofar Kuyambana muka nufi ƙofar fada, Malam ya yi bayanin gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, da yadda Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli ya hau a 2020 bayan rasuwar Sarki Shehu Idris wanda ya yi mulki tun 1975, ya kawo labarin masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, wanda har kwafinsa aka gina a gidan tarihi na Jos saboda gwanintar bakansa, da iftila'in Agustan 2023 da wani sashe ya rufta ana sallar la'asar aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Bayani ne mai kyau amma masu sauraro a tsaye suke cikin rana da gajeren wando da jesi mai warin gumi a ƙofar fada, wurin da ba a zuwa da irin wannan shiga, kowa a takure, wani dattijo ma da ya wuce sai da ya bi mu da kallo. Madarkaci da aka sa a tsari ko maganarsa ba a sake yi ba, wa zai kuma hawa wani dutse. Ta Ƙofar Doka muka fito, kamfanin Gaskiya da kwalejin Barewa daga cikin mota aka nuna su, ga inda aka riƙa buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ga makarantar da ta dawo Zariya a 1949, shi ke nan aka watse.

In aka auna ranar, a nawa ganin, inda yawon buɗe idon ya ci shi ne inda ya faɗo daidai lokacin da jiki dama yake son tsayawa, saman dutse da wajen karin kumallo, nan mutane suka saurara da zuciya ɗaya suka yi tambayoyi. Inda aka ɗora shi a matsayin ƙari bayan an gama gajiya kuwa bai shiga ba, kuma birni ba wurin da za a yi wa leƙen minti ashirin ba ne, yana son ranarsa daban da shigar mutunci da wanda zai yi wa mutane iso. Gudun kansa dokar juyowa ce ta mayar da shi na jama'a, kuma minti kaɗan ɗin da aka sake ta a wajen sauka su suka jawo raunin da aka samu. Akwai kuma abun da ba a gaya wa sababbi ba, cewa ciwon cinya na sauka daga dutse ba ranar yake zuwa ba, washegari yake farawa ya fi tsanani a kwana na biyu, sai ga saƙonni a guruf wani na cewa ya kasa durƙuson sallah wani na tambaya ko wani abu ne ya tsinke, nas ta yi ta ba su haƙuri tana cewa su ɗan riƙa tattaki zai saki da kansa cikin 'yan kwanaki. Ɗalibin da ya gurɗe ƙafa ya warware, ba karaya.

Yanzu abun da aka tsayar shi ne a raba biyu, Kufena da Wusasa rana ɗaya a tashi kafin sha ɗaya, birni kuma wata Asabar daban da yamma ba gudu, sannan jagora a gaba wajen sauka kuma nas a tsakiyar layi ba a baya ba. Inda ba a daidaita ba shi ne rana. Wasu na son hutun 26 ga Disamba saboda an girbe gonaki, dutse ya bushe babu santsi, ga sanyi mai daɗin gudu. Malam kuma ya ƙi, yace lokacin hunturu ne hazo zai rufe komai, a hau sama ba a ga birni ba ba a ga ganuwa ba to me zai nuna, ga masu asma da ƙura ba ta barinsu, kuma 'yan Wusasa da za su yi mana jagora suna cikin hidimar Kirsimeti. Baba ya ce shi duk ranar da aka sa yana nan, sharaɗinsa ɗaya ne, masu tumbi su fara hawa matakalar bene tun yanzu.